Buhunan wake a bayan bangon ɗakin kwana: amsa ga wata uwa daga Tawa

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a birnin Tawa na ƙasar Nijar, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, yana sayen wake da gyaɗa da masara a kasuwannin ƙauye lokacin kaka, ya ajiye sai sun yi daraja. Bana kuɗin hayar mangaza sun gagare shi, sai ya jibge buhunan a ɗakin da ke manne da wanda nake kwana da yarana biyu, yana kuma cusa musu ƙwayar nan ta kashe ƙwari da ake kira bom. Washegarin ranar da ya sa ta, ni da yaran muka tashi da ciwon kai da amai. Inna, mahaifiyarsa, ta ɗura wa ƙaramin madara, ta riƙa ba shi farasetamol ta manya da ta saya wurin mai tebur, sau uku a wuni. Ban da wannan, gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda masu saye suka ƙi, ita ake kawo mana mu yi miya da ƙuli-ƙuli, kuma da magariba ana yayyafa piya-piya a ɗaki saboda sauro. Da na yi magana maigida ya ce tsoro ne irin na ƴan boko, Inna kuma ta ce haka suka ci suka girma. Ba na son in shiga tsakanin ɗa da uwa. Ni ce na cika tsoro, ko kuwa akwai abin tsoron?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƴar'uwa. Akwai abin tsoro a cikin abin da kika faɗa, kuma ba boko ne ya kawo shi ba. Sai dai abubuwan da kika haɗa a wasiƙarki ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ina jin haɗawar na daga cikin dalilan da suka sa ba a saurare ki ba, domin macen da ta zo wa mijinta da surukarta da ƙorafi huɗu a zama ɗaya ana yi mata kallon mai neman magana, ko da gaskiya ce a bakinta. Ɗaya daga cikinsu na iya kashe mutum yana barci, a dare guda, wato ƙwayar da ke cikin buhunan nan. Sauran suna ba ki ɗan sarari na lallashi da dabara. Saboda haka ki fara tsayawa tsayin daka a kan maganar ɗakin kwana, maganar miya ta biyo baya.

Ƙwayar da ake kira bom, wadda a jikin gwangwaninta za ki ga an rubuta Phostoxin ko wani suna na kamfanin da ya yi ta, sinadarin alminiyom fosfaid ne aka dunƙule. Da zarar an fito da ita daga gwangwani ta haɗu da danshin da ke cikin iska, sai ta fara rugurgujewa a hankali tana fitar da wata iskar guba mai suna fosfin, kuma ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska. Idan kika duba ƙyallen da maigida ya ƙulle ta a ciki bayan ƴan kwanaki, ba za ki tarar da ƙwaya ba sai wani gari mai launin toka. Abin da ya ɓace daga cikinta ya bi iska ne, buhun saƙi irin na kasuwa kuwa ba ya riƙe iska. Gubar na fita ta ƙofofin saƙar ta cika ɗakin, sannan ta bi tsagar bango da ƙarƙashin ƙyaure da ratar da ke tsakanin kan bango da rufin kwano ta shiga ɗakin da ke kusa. Ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, yara kuma a ƙasa suke kwana a kan tabarma, numfashinsu ya fi na babba sauri, jikinsu ya fi ƙanƙanta, don haka su ne take fara kayarwa. Wani lokaci akan ji wari mai kama da na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada ki dogara da hancinki, domin hanci na sabawa da warin alhali gubar na nan, kuma ɗaure fuska da mayafi ko rawani ba ya tare ta.

Idan fosfin ta shiga jini, tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa, kuma zuciya da huhu ne suka fi jin jiki. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, tari da nauyin ƙirji, abubuwan da kowa zai ce masassara ce ko ɓacin ciki. Wanda ya shaƙa da yawa na iya yin kamar ya warware, bayan kwana ɗaya ko biyu huhunsa ya tara ruwa ko bugun zuciyarsa ya rikice. Har yau babu wata allura ko ƙwaya da ke karya wannan guba; abin da likita ke iya yi shi ne ya tallafi numfashi da zuciya har jiki ya fitar da ita. A watan Janairun 2017, a garin Amarillo na jihar Texas a Amurka, yara huɗu ƴan gida ɗaya suka rasu bayan an zuba irin wannan magani a ƙarƙashin gidansu, aka kuma watsa masa ruwa da nufin wanke shi, ruwan ya ƙara tayar da gubar. Ƙasa ce mai manyan asibitoci, amma ba su iya ceto yaran ba.

Gaskiya ne bayan damina zazzaɓin cizon sauro na yawa a Tawa, kuma shi ma yana zuwa da amai da ciwon kai, don haka a yi wa yaran gwajin jini. Amma mutum uku a ɗaki ɗaya su tashi da ciwo iri ɗaya a safiya ɗaya, washegarin ranar da aka sa magani a bayan bangonsu, wannan alama ce da bai kamata a wuce ta ba. Ki kai su likitar unguwa ko babban asibitin jiha, ki faɗa wa wanda ya duba su ainihin abin da aka sa da ranar da aka sa shi, ki tafi da gwangwanin ko hotonsa a waya. Idan ba ki faɗa ba, maganin masassara kawai za a ba ku ku dawo ku kwana a ɗakin nan.

Daga daren yau kada wani ya sake kwana a ɗakin da ke manne da buhunan. Ki ɗauki shimfiɗar yaran ki kai ɗakin Inna, idan yana can wani gefen gidan, ko ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, ki ɗaura musu gidan sauro. Wannan ba ya buƙatar ɗaga murya, ba kuma yaji ba ne. A buɗe ƙofa da tagar ɗakin hatsin daga waje, a bar iska ta ratsa shi sosai kafin wani ya shiga, sannan manya su fitar da buhunan zuwa inda babu mai kwana kusa. Garin tokar da ya rage a cikin ƙyallayen yakan kasance da sauran ƙarfi, saboda haka a binne shi a rami nesa da rijiya da turken dabbobi. Kada a zuba masa ruwa a cikin ɗaki, kada kuma a tara shi a kwalba ko bido a rufe, domin iskar idan ta taru a wuri ɗaya tana iya kamawa da wuta. Idan maigida ya ƙi, ki sanar da yayansa ko wani babba da yake jin nauyinsa, ki faɗi dalilinki cikin ladabi, amma kada ku koma ɗakin.

Ki kuma yi wa maigidanki adalci. Mutumin da ya zuba jarinsa cikin wake, ya san idan ƙwari suka shiga cikin wata biyu zai tarar da hatsin ya zama rariya, ba mugunta ce ta sa shi sayen magani ba, tsoron asara ne. Idan kika ce masa kawai ya daina, kin ce masa ya zuba ido dukiyarsa ta lalace, kuma ba zai yarda ba. Abin da zai fi shiga kunnensa shi ne cewa yadda yake sa maganin ma ba ya aiki yadda ya kamata. Masu aikin turara hatsi na gaskiya suna lulluɓe tarin buhuna da tamfol wanda iska ba ta ratsawa, su danne gefensa, su bar shi aƙalla kwana biyar zuwa mako guda, a mangazar da ba kowa ke kwana a cikinta ko kusa da ita ba. A buhun saƙi kuwa gubar na tserewa kafin ta kashe ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwayar wake, sai ƙwarin su dawo, a ƙara magani, su kuma su riƙa sabawa da shi.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Buhun PICS mai ruɓi uku, wato leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙi a waje, masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a 2007, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi na daga cikin wuraren da aka fi gwada shi, a hannun masanin ƙwari Dakta Ibrahim Baoua da abokan aikinsa. Ana zuba busasshen wake a ledar ciki, a matse iska a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan abin da ya rage na iska, su daina ci da haihuwa, su mutu. Idan ledar ba ta huje ba ana sake amfani da buhun a kaka ta gaba. Durum na ƙarfe ko bido mai murfi da ke rufuwa gam, idan an cika shi har baki, yana yin wannan aikin. Sharaɗi ɗaya ne: hatsin ya bushe ƙayau kafin a rufe. Ki ce masa ya tambayi ma'aikatan gona na jiha ko masu sayar da kayan noma a kasuwa, ya gwada da buhu biyu ko uku bana, ya kwatanta da sauran da idonsa. Ɗan kasuwa ya fi yarda da abin da ya ɗiba da hannunsa ya gani.

Sai piya-piya. Ruwan da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe da wannan suna galibi dikilorbos ne, wanda ake rubutawa DDVP, kuma mai ƙarfin da ake sayarwa an yi shi ne don a sirka da ruwa a fesa a gona. Yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ta fata. Aikinsa shi ne ya hana jiki kashe saƙon da jijiya ta aika bayan saƙon ya isa, sai jijiyoyi su yi ta ba da umarni ba tsayawa: yawu ya yi ta dalala, gumi da hawaye da majina su zubo, baƙin ido ya tsuke, ciki ya murɗa da amai da gudawa, tsoka ta riƙa ɓari, ƙirji ya cika da kurkurar ruwa. Wannan gubar, saɓanin ta farko, tana da makari a asibiti, allurar atirofin, kuma tana ceton rai idan an isa da wuri. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a jikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta can, mai kula da abinci da magunguna, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Abin da aka ƙi a kan wake da za a wanke a dafa, bai dace a yayyafa shi a gefen matashin da yaro zai ɗora fuskarsa ba. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a wurin awo, ya fi shi kare yaro daga cizo, domin ƙarfin piya-piya na raguwa cikin dare, sauro kuwa har asuba yana cizo.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da piya-piya ma shi ne kwalbar. A gidajenmu ana juye shi cikin kwalbar lemo ko robar ruwa a tura ƙarƙashin gado, haka ake yi da kananzir, da jabel na wanke fararen kaya, da ruwan soda na masu haɗa sabulu. Yaro ɗan shekara biyu da ya sha rana a zafin Afrilu na Tawa bai san komai ba sai cewa kwalbar lemo abin sha ce. Ki bi gidan yau ki tattara duk irin waɗannan, kowane ya zauna a mazubinsa na asali, a sa su a sama ko a akwati mai kwaɗo, nesa da madafa. Kada kuma a haɗa jabel da ruwan wanke makewayi mai asid da niyyar ƙara tsabta, domin haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu.

Madarar da Inna ta ɗura wa yaron ta yi ne da kyakkyawar niyya, kuma kusan kowa a garin nan haka zai yi. Amma madara ba ta karya guba, haka man gyaɗa da manja da ruwan gishiri da ɗanyen ƙwai. Maiƙo ma na iya taimaka wa wasu magungunan ƙwari su ratsa hanji da sauri. Tura yatsa a maƙogwaro don a sa amai ya fi duka haɗari: kananzir idan ya dawo yakan zarce cikin huhu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya jawo mummunan ciwon huhu, soda kuwa ta ƙona maƙoshi a shiga ta sake ƙona shi a fita. A nan ne maganar nan ta da muguwar rawa gara ƙin tashi ta dace. Abin yi kaɗan ne. A fitar da mutum sarari, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, idan ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Idan hankalinsa ya gushe a kwantar da shi a gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar abin da ya sha. Idan babu abin hawa, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Farasetamol magani ne mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi, shi ya sa aka raina shi. Yaro ana auna masa ne da nauyinsa, miligiram 15 a kan kowane kilo, bayan kowace awa shida, kada ya wuce miligiram 60 a kan kowane kilo a kwana ɗaya. Yaro mai kilo 12 ke nan rabonsa miligiram 180 a sha ɗaya. Ƙwayar manya miligiram 500 ce, kusan ninki uku, kuma sau uku a wuni ya zama 1,500, fiye da ninki biyu na iyakar da aka sa masa. Hanta ce ke sarrafa maganin, idan ya fi ƙarfinta sai wani ɓangarensa ya zama guba ya kashe ƙwayoyinta, kuma haɗarin ya fi yawa ga yaron da ba ya cin abinci ko yake fama da tamowa. Mugun halin wannan guba shi ne a ranar farko ba ta nuna komai sai ɗan amai, sai a kwana na biyu zuwa na huɗu ciwon gefen dama na ciki da shawara su bayyana. Tana da makari, amma ya fi aiki cikin awa takwas na farko, don haka ba a jiran alama. Ki faɗa wa likita ƙwaya nawa aka ba shi da kwana nawa, ba don a kama Inna da laifi ba. Ki kuma lura cewa yawancin magungunan mura da na ciwon jiki akwai farasetamol a cikinsu, mutum na iya shan biyu ko uku yana zaton daban-daban ne. Shi kansa babba bai kamata ya wuce giram 4 a kwana ba.

Maganin mai tebur kuwa, ko da na gaske ne, ya wuni a rana da ƙura, babu kuma wanda zai iya ce miki ga inda ya fito. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya da ciwon ƙoda bayan sun sha wasu magungunan tari da mura na ruwa da aka samu gurɓace da sinadarin masana'antu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoban shekarar. Maganin yaro dai a saye shi a farmasi, a auna da cokalin ko sirinjin da ya zo da shi.

Yanzu gyaɗa, wadda ita ce za ta fi wuyar gyarawa, saboda ba wanda zai ci miyar yau ya faɗi gobe. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, musamman wadda masana ke kira Aspergillus flavus, tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da ƴan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce sanadi. Fumfunar na son gyaɗar da ta sha fari a ƙarshen damina, da wadda fartanya ta sara wajen cira, da wadda ƙwari suka huda, da wadda aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba. Gubar ba ta mutuwa da tafasa ko suya. Idan aka matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama, wato ƙuli-ƙulin da yara ke gurgura duk wuni. Idan aka ba akuya ko saniya, wani kaso na fitowa a nononta, haka ma a nonon uwa mai shayarwa.

Idan aka ci da yawa a lokaci ɗaya tana kashe hanta nan take, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, saboda masarar da aka adana da danshi. Amma abin da ya fi shafar gida irin naku shi ne cin kaɗan-kaɗan na shekaru. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa afalatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, kuma hanta take kamawa. Wani bincike da aka wallafa a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna cewa yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan gubar a jininsu.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu ba, tana taruwa ne a cikin ƴan ƙwayoyi kaɗan, kuma ido na iya gane yawancinsu. Ki zuba tiya ɗaya a faifai a cikin haske ki duba. Za ki ga wadda ta yamutse ta ƙanƙance, da wadda ta dare gida biyu cikinta ya yi ruwan ƙasa, da mai ɗan huji, da wadda idan kin murza ta wata ƙura mai launin kore-kore da rawaya ta manne miki a yatsa. Waɗannan su ne abin zubarwa, haka duk wadda kika tauna kika ji ɗaci, ki tofar. Ba a ba dabbobi su, a binne ko a ƙone. A yankin Kindia na ƙasar Gini an gwada wannan a ƙauyuka, aka wallafa sakamakon a 2005: manoma suka riƙa tsince gyaɗa da hannu, suna shanya ta a tabarma maimakon ƙasa har ta bushe sosai, suna ɗora buhuna a kan katako, kuma bayan wata biyar gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta mutanen ƙauyukan da ba su yi haka ba. Matsalar gidanku ita ce ana yin akasin wannan, ana tsince mai kyau a kai kasuwa, a tara wadda gubar ta fi yawa a cikinta a kawo wa iyali. Roƙon da za ki yi wa maigida ƙarami ne: ya ware muku abin miya daga cikin mai kyau, tiya kaɗan ce a wata, ba za ta karya masa jari ba.

Maganar Inna cewa haka suka ci suka girma, kada ki yi mata musu a kanta, domin akwai gaskiya a ciki, sai dai ba irin wannan suka ci ba. A zamanin ƙuruciyarta gero ne abincin yau da kullum a Adar, wato ƙasar Tawa, ana adana shi da zangarniyarsa a rumbu, kuma bai kai masara da gyaɗa saurin kamuwa da wannan fumfuna ba. Gyaɗa da kwansonta ake ajiye ta, a ɓare gwargwadon buƙata. Wake a cikin toka ko yashi ake binne shi a tukunya. Ba a kuma kwana da hajar ɗan kasuwa da ƙwayar turare a bayan bango. Ki tambaye ta yadda mahaifiyarta ke adana wake da gyaɗa, ki bar ta ta ba ki labari, za ki ji da bakinta ta faɗi rabin abin da na rubuta miki. Sannan ki kawo faifai ki roƙe ta ta nuna miki yadda ake tsintar gyaɗa, domin tsohuwa ta fi ki ido a wannan aiki, kuma abin da ta ware da hannunta ta ce bai da kyau ba za ta yarda a zuba shi a tukunyar jikokinta ba. Idan ta kawo maganar almubazzaranci, wanda damuwa ce ta gaske ga wanda ya ga yunwar 1984, ki bar maigida ko malamin da take saurara ya tuna mata ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa, kada ta fito daga bakinki a gaban mutane. Haka maganar farasetamol da madara: ki nemi ta raka ki asibiti, ta ji daga bakin ma'aikacin lafiya, ta dawo gida a matsayin wadda ta jiyo, ba wadda suruka ta gyara wa kuskure ba.

Tun da za ku je asibitin, ki tafi da katin rigakafin yaran a duba ko sun cika allurar nan mai haɗe da rigakafin cuta biyar ta mako 6 da 10 da 14, domin a cikinta akwai rigakafin ciwon hanta nau'in B. Dalilin shi ne wanda ke ɗauke da wannan ƙwayar cuta, idan kuma yana cin afalatoksin, haɗarin kamuwarsa da dajin hanta na ninkuwa kusan sau 30 a kan wanda gubar kaɗai yake ci. A Nijar sai a 2008 aka shigar da wannan rigakafi cikin alluran yara, don haka ke da maigida da Inna da wuya a ce kun samu kuna ƙanana, kuma mutum na iya ɗauke da cutar shekara da shekaru bai ji komai ba. Gwajin jini ɗaya ne ke nunawa. Wanda aka samu ba ya da ita ya nemi rigakafi, wanda aka samu da ita kuma likita ya riƙa duba hantarsa lokaci-lokaci, ya guji shan magani barkatai, kuma shi ne na farko a gidan da za a nisanta da gyaɗa da masarar da ba a tsince ba.